Mai Takobi da Mai Tsafi a Tabarma Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk ranar Asabar bayan sallar isha'i mukan shimfiɗa tabarma a fadarmu ta Yantala, nan Yamai, a ɗora shayi, a fito da takardu da ƴaƴan lido. Mu shida ne, wata rana bakwai. Ni na fi daɗewa ina jan wasan, shi ya sa in wata fada ta fara, a Harobanda ko Bukoki ko can Tawa, ni ake turo wa tambaya. Kusan kullum kuma kukan ɗaya ne: mai tsafi ya cinye wasa, mai takobi ya zama ɗan rakiya. Ga amsoshin da nake bayarwa, na tara su wuri ɗaya.

Wane irin wasa ne wannan tukuna?

Labari ne ake ginawa da baki, a zaune. Mutum ɗaya ke riƙe da duniyar labarin, garuruwanta da dodanninta da sarakunanta. Mu muna ce masa madugu. Sauran kowa yana da gwarzonsa guda, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da jininsa, wato yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi, da kayansa. Ka faɗi abin da gwarzonka zai yi, in abin na iya ci ko ya ƙi sai a jefa ɗan lido, galibi mai fuska ashirin. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Masu karatun Faransanci sun san shi da Donjons et Dragons. A bugunsa na farko sana'o'i uku ne kawai: mayaƙi, matsafi, da mai addu'a da ke warkar da rauni. Ɓarawo ya shigo a 1975. Yawancin misalaina daga bugu na biyar ne, na 2014, don shi muke bugawa.

Ana cewa ba su daidaita ba. A ina matsalar take?

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana. Akwai ƙanenmu, ɗan lakwal, da ke taka wani barde mai lifidi da sulke, ya kai mataki na 9, wato matakin ƙwarewa da gwarzo ke hawa a wasan. Aikin daren shi ne a kuɓutar da ɗiyar wani attajiri da aka tsare a gari mai ganuwa. Yaron nan tun daga gida ya zo da shiri. A bayan takardarsa ya zana ganuwar, ya sa alama inda za a jefa igiya, ya rubuta nawa za a ba mai tsaron ƙofa. Kafin ya buɗe baki, mai taka matsafi ya ce, "Madugu, zan aika ido ya leƙo mini inda take." Ya leƙo. Ya buɗe ƙofar tsafi ya faɗa ɗakin, ya kama hannunta, ya sake buɗe wata ya fito da ita bayan ganuwa. Ƙulli uku ya kashe, wato uku daga cikin damar jefa tsafi da ake ƙidaya masa a yini, minti goma bai cika ba. Ba inda ya karya doka.

Yaron ya ninke takardarsa gida huɗu ya sa aljihu, ya jawo butar shayi ya ci gaba da ɗagawa yana zubawa, kumfa na tashi. Har muka tashi bai ƙara cewa uffan ba. Da na raka shi bakin titi sai ya ce, "Yaya, ni dai mene ne amfanina a tafiyar nan?"

Wannan ita ce matsalar, kuma laifina ne, ni da na tsara dare guda wanda tsafi uku ke iya kwancewa. Mayaƙi in ya hau mataki, saransa ke ƙara nauyi, jininsa ya ƙaru. Matsafi in ya hau, sababbin ƙofofi ne ke buɗe masa: a mataki na 3 yana ɓacewa, yana buɗe kwaɗo, a na 5 yana tashi sama, a na 13 yana kwashe ayari daga wannan ƙasa zuwa wata cikin ƙiftawar ido, a na 17 yana da tsafin da ke cika buri. Shi ya sa tsofaffin ƴan wasa ke cewa mayaƙi ƙari yake yi, matsafi kuwa ninki. Ɗaya yana da amsa ga tambaya guda, wato wa za a sara. Ɗayan yana da amsa ga kogi, da ganuwa, da yunwa, da sarkin da ya ƙi magana.

Amma a fagen faɗa fa? Wa ya fi ɓarna?

A nan mutane ke ɓata lokaci, don a nan ne tazarar ta fi ƙanƙanta. Ɗauki mataki na 5. Matsafi ya samu dunƙulen wuta: ƴaƴan lido takwas masu fuska shida, matsakaici 28, ga duk wanda ke cikin da'irar ƙafa 20 daga inda ta fashe, kusan mita 6. Wanda ya ci jifan tsira, wato jifan lido na kauce wa hari, rabi yake sha. In abokan gaba biyar sun taru wuri ɗaya, ɓarna ce da ba mai takobin da zai kamo ta a zagaye guda. Sai dai ƙulli biyu yake da su na wannan daraja a yini, uku in ya huta ya maido ɗaya.

Mayaƙi a mataki ɗin yana sara biyu a zagaye. Da babban takobi da ƙarfi 18, kowane sara matsakaici 11 ne, wato 22 in duka sun shiga. Zai yi haka a zagaye na ɗaya, zai yi a na talatin. Saransa ya zama uku a mataki na 11, huɗu a na 20. Ga jini: ɗan lido mai fuska goma yake jefawa kowane mataki, matsafi mai fuska shida. In dodo ɗaya ne tak mai kaurin fata, sau da yawa mayaƙi ne ke kai shi ƙasa. Saboda haka in ɗan wasanka na ƙorafi, kada ka yi saurin ƙara masa lamba a takobi. Ƙanenmu bai taɓa cewa saransa ba ya shiga ba.

Haka abin yake tun asali?

A'a, kuma sanin abin da aka cire yana taimakawa. A tsoffin bugu matsafi yana farawa da tsafi ɗaya tak a yini, da jinin ɗan lido mai fuska huɗu. Kibiya guda na iya gamawa da shi. Yana buƙatar maki 2,500 kafin ya hau mataki na 2, mayaƙi kuwa 2,000, don haka a matakan farko yana baya a hawa. In aka doke shi yana tsakar karanta tsafi, tsafin ya zube ke nan. Tsarin haddace tsafi da safe, ya goge daga ka da zarar an jefa shi, an aro shi ne daga labaran marubuci Jack Vance. Abin da aka fi mantawa shi ne wannan: a mataki na 9 mayaƙi yana iya gina tungarsa, dakaru su zo su yi masa mubaya'a, ya karɓi haraji. Lokacin da matsafi ya fara juya duniya da kalma, shi kuma mayaƙi ya zama mai gari.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, mai wasan, a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000. Aka haɗe teburin maki ya zama ɗaya ga kowa. Katse tsafi ya yi wuya, matsafi na iya jibga wa kansa tsafi kan tsafi, ya ƙera sanduna da layu ya cika jaka. Tunga da dakaru suka daina zuwa wa mayaƙi kai tsaye. A wancan zamani har mai addu'a da mai tsafin daji sukan fi mayaƙi iya dambe in sun shirya. An kwance wa ɗaya dabaibayi, an karɓe wa ɗaya rawani.

Bugu na biyar ya maido dabaibayi guda mai kyau: manyan tsafe-tsafe masu daɗewa suna buƙatar riƙon hankali, ɗaya kawai ake riƙewa a lokaci guda, kuma in an ji wa matsafi ciwo sai ya jefa ya ci 10 ko rabin ɓarnar, duk wanda ya fi yawa, in ba haka ba tsafin ya watse. Rawanin kam ba a maido ba.

Me ya sa a fadarmu matsafi kullum jakarsa a cike take?

Saboda yadda muke zama. Littafin madugu na 2014 ya gina lissafinsa a kan cewa ayari na iya ɗaukar karo shida zuwa takwas, matsakaita ko masu wuya, a yini ɗaya na labari, da gajeren hutu kamar biyu a tsakani. Gajeren hutu awa ɗaya ne, dogo awa takwas. Ƙullin matsafi sai da dogon hutu yake dawowa duka. Manyan dabarun mayaƙi, irin ninka aiki a zagaye guda da jan numfashi ya maido jini, da gajeren hutu suke dawowa. Yini mai tsawo nasa ne, gajere na matsafi.

To mu a nan awa biyu ko uku muke samu. A fara ƙarfe tara, a yi shayi na ɗaya, wani ya makara, a ɗauke wuta a koma hasken waya, sha biyu ta yi kowa na da aiki gobe. Faɗa ɗaya, in an yi sa'a biyu. Sai madugu ya ce, "To, kun kwana," don a rufe da tsabta. Asabar mai zuwa matsafi ya dawo da ƙullinsa cif, ya zazzage su duka a karo ɗaya, ya sake kwana. Wanda aka ba harsashin yini ya harbe a minti biyar dole ya yi kama da sarki.

Maganin da ya yi mana aiki: raba tashin fada da kwanan labari. In an tashi, kowa ya rubuta ƙullin da ya rage masa da jininsa, madugu ya ɗauki hoton takardun, mako mai zuwa a ɗora daga nan. Yini ɗaya na labari na iya cin Asabar uku, ba komai. Littafin ma ya ba da wata hanya, inda gajeren hutu ya zama kwana ɗaya, dogo ya zama kwana bakwai. Ni na fi son tsaka-tsaki: a daji kwana gajeren hutu ne, dogon hutu sai a gari mai ganuwa ko zangon da aka amince da shi. Ka tuna ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere zuwa Bilma. Ba wanda ke tsayawa tsakiyar rairayi don wani ya gaji, ruwan salka ne ke faɗin yaushe za a tashi. Sa wa labarinka irin wannan agogo: rijiya na gaba kwana uku ce, ko za a ɗaura wa yarinyar aure ranar Juma'a. Da zarar hutu ya zama da tsada, za ka ga matsafi ya dubi takardarsa, ya dubi barde, ya ce, "Ƙanena, wannan ƙofar kai za ka fasa ta."

In na rage wa matsafi ƙarfi ba shi ke nan ba?

Ban ba da shawara ba, musamman a tsakiyar tafiya. Wanda ya yi wata shida yana jiran ya tashi sama, in ka hana shi ranar da ya kai, ka samu mutum biyu masu ɓacin rai maimakon ɗaya. Fara da bin dokokin da ke rubuce waɗanda muke yi wa sassauci. Yawancin tsafi sai an furta da murya, kuma a tsakiyar kasuwa mutane na da kunne. Sai da hannu a sake. Kayan haɗi masu tsada sai an saya: maido wanda ya mutu yanzu-yanzu yana cinye lu'ulu'u na zinariya 300, kuma ba kowane ƙauye ake sayar da shi ba. Riƙon hankali a tuna da shi duk bugu. In akwai tsafin da ba ka so a duniyarka, faɗa tun daren farko, kafin kowa ya zaɓi sana'a.

To me zan ba mayaƙi?

Mutane, suna, da magana a fada. Mu ba ma buƙatar littafin Turawa ya koya mana wannan. Je ka kallon kokowa. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, ɗan kokowa yakan shigo fili ɗaure da layu da guraye, kowa ya san akwai masu yi masa aiki a bayan fage. Amma wa makaɗa ke wasawa? Wa ake ɗagawa sama, wa ake miƙa wa takobi, sunan wa yara ke kira a lungu? Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi sau da dama, kuma shi ake tarba a bakin gari. Haka a labarin Daura: Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ladansa kuwa auren sarauniya da zama a gidan sarauta. A wurinmu jarumi ana son a gan shi. Boka kuwa da dare ake zuwa wurinsa, a rufe fuska, kuma ba mai son a ce surukinsa ne.

Ka sa duniyar wasanka ta zama haka. Bayan wancan dare na zauna na sake tsari. Barden ƙanenmu ya samu kirari, wani maroƙi ya manne masa yana binsa gari gari. Masu tsaron ƙofa sun san sunansa, wasu a ƙarƙashinsa suka yi yaƙi. Sarki ya ba shi doki da yara goma sha biyu masu baka, da ƙaramar tunga a mashigar dutse, da nauyin ciyar da su. In ayari ya shiga fada, shi sarki ke tambaya, matsafi yana tsaye daga baya, dogarai na kallon hannunsa. Ban taɓa lamba ko ɗaya a takardar kowa ba. Yanzu in aka ce ganuwa, yana da hanya tasa: ya aika yaro wurin tsohon abokin yaƙinsa da ke gadin ƙofar yamma.

Sai kaya. Kayan tsafin da kake rabawa su karkata wajen masu takobi, kuma su zama masu buɗe hanya: takalmin da ke hawa bango, zoben jin harshen dabbobi, igiyar da ke ɗaure kanta. Takobi mai ƙara ɗaya a lambar jifa yana da daɗi, amma ba ya ƙetare kogi. Bugun gyara na 2024 ya ƙara wa makamai dabaru, irin kayar da mutum, tura shi baya ƙafa 10, ko rage masa gudu. Suna sa faɗa ya yi armashi, ina amfani da su, sai dai a cikin fage suka tsaya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya ga madugu: in mayaƙi ya ce zai yi wani abu da ba a rubuce ba, ce masa ya jefa. Mukan bar matsafi ya rushe gida don littafi ya ce haka, sannan mu tsare barde da tambayoyi in ya ce zai tsallake rami.

Ya dace mayaƙi ya yi abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ba tare da tsafi ba?

A mataki na sama, ƙwarai. Abokinsa na tsayar da lokaci, shi kuma a ce sai abin da ƙaton unguwa ke iya yi? Wannan katangar da aka gina tsakanin ƙarfe da asiri ma ba tamu ba ce. A labaranmu jarumi dafaffe ne: ɗan tauri da wuƙa ba ta cinsa, maharbi mai baduhu, barde mai layar zana. Sarauniya Mangu ta Lugu, da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet a 1899, da kibau da asiri duka ake tunawa da ita, ba wanda ya raba mata su gida biyu. Masu wasan ma sun gwada: a 2006 an fitar da wani ƙarin littafi ga bugu na uku da rabi mai ba masu takobi salon sara da tsayuwa masu kama da tsafi. Wasu suka ce ya yi yawa. Ni ina ganin shi ne ya fi kusa da jarumin da muka ji a bakin kakanni. In barde ya kai mataki na 15, bar shi ya riƙe ƙofar gari shi kaɗai, ya yi tsawa dawakai su watse.

Akwai wasan da ya warware wannan, mu koma can?

Kowanne ya biya wani farashi. Bugu na huɗu, na 2008, ya ba kowace sana'a tsari ɗaya: dabarun kullum, na kowane karo, na kowane yini. Ya daidaita sosai, amma da yawa suka ce kowa ya zama iri ɗaya, suka koma Pathfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2009. Pathfinder bugu na biyu, na 2019, ya sa mayaƙi ya fi kowa iya kai sara, ya kuma raunana tsafin da ke kayar da babban abokin gaba tashi ɗaya. Dungeon Crawl Classics na 2012 yana barin mayaƙi ya faɗi bajintar da yake so a kowane sara, matsafi kuma duk jifa yana iya juye masa har ya nakasa shi. Ars Magica na 1987 bai ɓoye ba: matsafa sun fi kowa, don haka kowane ɗan wasa yana da matsafi da kuma wani gwarzo, ana karɓa-karɓa. Amma a Yamai littattafan nan ba a samunsu a shago, kuma koyon sabuwar doka wata biyu ne. Ginshiƙin dokokin bugu na biyar kuwa an sake shi kyauta a 2023, yana intanet har da Faransanci. Gyara tsawon yini tukuna.

Matsafi ya daskarar da babban dodona a zagaye na farko. Me zan yi?

Wancan daren bar shi ya ci nasararsa. Gaba kuma kada dodo ya zo shi kaɗai, ya zo da yara masu baka da ke neman mai riga ba sulke. Manyan dodanni a littafi suna da ikon ƙin faɗuwa a jifan tsira, galibi sau uku a yini, yi amfani da shi. In kibau suka fara sauka kan matsafi, wanda ke tsaye gabansa da garkuwa ya zama mutumin da ya fi kowa daraja a tabarmar.

Iyayena sun ji ana cewa tsafi da jifan lido. Me zan ce musu?

Gaya musu gaskiya, ka kuma gayyace su su zauna su gani. Ba a sa ko dala, ba mai karanta wani abu ko kiran wani abu. Tsafin layi ne a takarda da lamba, kamar dodon tatsuniya. Malamai sun yi magana a kan wasa da ƴaƴan lido, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Ɗaya daga cikinmu ƴan takardu yake zara daga cikin hula, an rubuta 1 zuwa 20, lissafin ɗaya ne. Wata fada kuma sun mai da matsafi mai hikima, mai garin magani da madubai da na'urori, dokar ba ta canza ba. In Baba ya ce a bari, a bari.

Sabon shiga ya fara da mayaƙi, tunda ya fi sauƙi?

Takardarsa ta fi sauƙi, gaskiya ne, kuma daga mataki na 1 zuwa na 4 shi ne ƙashin bayan ayari, don a lokacin matsafi ɗan tsako ne. Amma kada a tura masa shi kamar ragowar tuwo. Tambaye shi wane irin gwarzo yake gani in ya rufe ido. In ya ce mai wuta a hannu, zauna da shi rabin awa ku zaɓi tsafi huɗu, ka rubuta masa su da Hausa a kati. In ya ce mai doki da mashi, tun daren farko ka tambaye shi garinsu, wa ya koya masa hawa, wa ke binsa bashin rai, kuma wane sarki ne ya taɓa yi wa alkawari. Rubuta amsoshin a littafinka, kafin Asabar ta uku ɗaya daga cikin mutanen nan ya yi sallama a ƙofar zango yana nemansa da suna.